Makullin Rijiyar Malam Inuwa

A wata safiyar Laraba, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wato ƙarshe-ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, na tsaya a ƙofar ɗakin Malam Inuwa, mai gidan da muke haya a Sharaɗa, da bokitin ƙarfe a hannuna, raina a ɓace. Jiniyar masaƙa ta riga ta busa, masu aikin safe sun wuce a kan kekunansu, rana ta fara dukan kwanon rufi, ni kuwa ko fuska ban wanke ba, domin babu ɗigon ruwa a randarmu. Ga rijiya nan a tsakar gida, amma murfinta na katako a garƙame yake da kwaɗo, makullin kuma yana rataye a wuyan mutumin da ke cikin ɗakin. A hannun ƙofar an ɗaure jan ƙyalle, wanda a dokar gidanmu yake nufin ko tari kada a yi a wurin. Na dubi ƙyallen, na dubi busasshen bokitina, sai na ɗaga shi da hannu biyu na maka wa ƙofar. Ni dai ruwa na zo nema. Ban san cewa a bayan ƙofar nan mutum ne kwance tsakanin rai da mutuwa ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, wajibi ne in bayyana gidan da mutanensa, domin shekarun da na yi ina aikin adana takardu a ma'aikatar gwamnati sun koya mini cewa faro labari daga tsakiya zalunci ne ga waɗanda ke cikinsa. Gidan dogo ne, ɗakuna suna fuskantar juna, kuma duk magidantan cikinsa ma'aikatan kamfani ne da suka baro ƙauyukansu. Mahaifina yana tsaron injin saƙa, yakan dawo da auduga a gashin gira. Akwai Malam Mamman, mutumin Damagaram, wanda ke aiki a majemar fata a Calawa, ƙato mai yawan barkwanci, wanda warin aikinsa yakan riga shi shigowa gida, dariyarsa kuma ta riga sallamarsa. Akwai wani da ke zuwa har Bompai wajen masu yin alawa, wanda mu yara muka ɗauke shi babban mutum saboda gutsattsarin da yakan zo mana da su a aljihu. A bayan gidan gonaki ne, sun ratsa tsakanin katangun kamfanoni. Da damina mukan shiga cikin gero mu tsinko wa iyayenmu rama da tafasa, da kaka kuma 'yan maza su kwaso kara su ƙera motoci, su yi musu tayoyi da kwarkwaron zaren da aka zubar a bayan masaƙa. Mu mata mukan ɗinka wa 'yan tsananmu kaya da ragowar yadi masu launi iri-iri, mu yi 'yar carafke a gindin turmi har sai an kira mu tsintar shinkafa ko kai niƙa. Ba mu da agogo, kuma ba mu bukace shi ba: jiniya ce take tashinmu, ita take kora mu makaranta, ita take gaya wa iyayenmu mata lokacin ɗora tukunya.

Dokoki biyu ne suka riƙe wannan gida, kuma ba a rubuce suke ba. Ta farko ita ce dokar jan ƙyalle. Aikin kamfani juyawa yake yi, wanda ya yi safe a wannan mako sai ya koma dare a na gaba. Wanda ya kwana tsaye a gaban inji, in ya dawo da hantsi, sai ya ɗaure jan ƙyalle a hannun ƙofarsa, daga nan kuma ya zama kamar ba ya duniya. Ba a daka kusa da shi, ba a kiran sunansa, ko baƙo ne ya zo daga ƙauye sai ya jira a zaure. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce: “Wanda ya tashi mai aikin dare, in inji ya cinye masa yatsa gobe, alhakin yana wuyansa.” Doka ta biyu ita ce ciyayya. Bayan sallar magariba akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowane ɗaki ya fito da kwanonsa, mu yara ne masu ɗauka, magidanta su haɗu su ci tare. Kafin a sa hannu sai an dubi wurin zaman kowa. In babu mutum sai wani ya ce, “Wane yana dare,” a ɗebar masa nasa a rufe. In kuwa ba a san dalili ba, nan take a tashi yaro ya dubo. Daga baya na fahimci cewa ciyayya ita ce kiran sunan gidan, irin wanda malami yake yi a aji kowace safiya.

Mutum ɗaya ne ba shi da wuri a tabarmar nan, shi ne mai gidan kansa. Malam Inuwa dattijo ne siriri, mai tsabta, mai kiyaye salla, yana kula da tukunyar tururi a wani kamfani a Calawa. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, ba su bar ɗa ba, kuma bai sake aure ba. Ba zan ɓoye ba, kuma ba zan ƙara gishiri ba: marowaci ne na gasken gaske. Yana da keke mai kyau, amma in ya zo inda tsakuwa take sai ya sauka ya tura, wani lokaci ma ya saɓa shi a kafaɗa, don kada taya ta ci, da dare kuma ya shigar da shi ɗaki ya kwana kusa da shi. Ba ya ƙyasta ashana in akwai wuta a murhun wata a gidan. Abincinsa a ɗaki yake dafawa a kan risho, ya kuma tura ƙofa kafin ya ci. Akwai bishiyar gwaiba a gefen ɗakinsa wadda muka girma muna kallon 'ya'yanta suna nuna, suna faɗowa, yana tsincewa. Amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rijiya. Da safe yakan buɗe ta, ya tsaya a kai kamar mai gadi har kowa ya cika randa, sannan ya mayar da kwaɗo. In yana nan da la'asar ya sake buɗewa na ɗan lokaci. Duk wanda ya zura guga sai ya ji: “A hankali da igiyar nan, saye na yi.” In ruwa ya zuba a ƙasa kuwa, sai ya runtse ido kamar jininsa ne ya zuba. Ɗebo ruwa aikina ne a ɗakinmu, saboda haka babu wanda ya kai ni jin haushinsa.

A makon da nake ba da labari yana aikin dare ne. Ranar Litinin ya dawo da hantsi, ya shige ɗaki, ya ɗaure jan ƙyalle, bai buɗe rijiya ba. A nan ne muka yi kuskuren da sai masu irin zamanmu za su yi shi. Matan gida da ke wuni suna ganin ƙyallen suka ce barci yake yi, rowarsa ce ta ƙaru, suka ci gaba da tafiya a kan yatsun ƙafa. Magidantan da suka dawo da yamma suka ga ƙyallen suka ce ya riga ya fita aikin dare, ya manta bai kwance ba. A masallaci ba a tambaye shi ba, domin rashin ganin mai aikin dare a sahu ba sabon abu ba ne. A wajen ciyayya kuwa babu wanda ya ambaci sunansa, tunda ba shi da gurbin da za a gani babu kowa. Kowa ya kiyaye doka sarai, kowa ya yi ladabi, mutum kuma yana ciki yana ƙonewa da zazzaɓi.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Dole na ɗauki bokiti na tafi famfon da wani kamfani ya fito da shi ta jikin katangarsa saboda jama'a, wuri mai nisa, inda 'yan garuwa suke cika layi tun asuba. Kafin in samu, in dawo, in yi wanka, an riga an buga ƙararrawar makaranta. Ni ce kuwa monita, ni nake tsayawa a bakin ƙofa in rubuta sunayen makararru in miƙa wa hedimasta. Ranar Talata da hannuna na rubuta sunana a saman takardar, domin ba zan rubuta na wasu in tsallake nawa ba. Aka ba ni tsintsiya na share gindin dalbejiya tare da yaran da na saba rubutawa, suna ta shewa suna cewa, “Yau monita ta shigo hannu!” Ban taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba. Da gari ya sake wayewa na ga kwaɗon yana nan, ƙyallen yana nan, sai na yanke cewa dokar da ta sa marar laifi shara saboda mai laifi yana barci ba doka ba ce. Abin da ya kai ni ƙofar ke nan.

Ƙarar bokitin ta girgiza gidan. Inna ta fito da muciya a hannu tana cewa, “Hajara! Kin haukace ne?” Malam Mamman, wanda shi ma aikin dare ya yi kuma nasa ƙyallen yana ɗaure, ya fito da zani a kafaɗa yana neman wanda zai cinye ɗanye. Inna ta ɗaga muciya ke nan sai muka ji nishi daga ciki, siriri, kamar na ɗan akuya. Muka waiwaya ga ƙofar. Malam Mamman ya kara kunne a ƙofar, ya kira, “Maigida! Maigida!” Da bai ji amsa mai ƙarfi ba, sai ya waiwaya ya fizgi taɓarya. Ya ɗaga ke nan, sai ga murya daga ƙasa, da ƙyar take fita:

“Mamman, a hankali da ƙofar. Sabuwa ce.”

“To, Maigida, in kuna tausayinta ku tashi ku buɗe mana!” in ji Malam Mamman, ya kuwa narka mata taɓarya, sakata ta yi tsalle.

Mun same shi a ƙasa kusa da kekensa, leɓɓansa sun tsage, tulunsa a bushe. Kalma ɗaya yake maimaitawa, ruwa, kuma duk gidan babu ko moɗa guda. Inna ta durƙusa za ta cire makullin daga wuyansa, sai hannunsa ya damƙe zaren, shi kansa bai sani ba. Ta ce, “Malam, ku saki mana, ku za a ba.” Ya saki. Ni aka miƙa wa makullin, ni na buɗe kwaɗon, na zura guga ba tare da kowa yana tsaye a kaina ba, kuma ina shaida cewa na yi a hankali da igiyar. Aka ba shi ya sha, aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, aka tari tasi zuwa asibiti. Ranar ma na makara, amma ban ji zafin sharar ba.

Da aka sallamo shi ya rame ƙwarai, ba ya iya hura risho. A al'adar gidan, in magidanci ya kwanta ciwo, ciyayya takan tashi daga ƙofar gida ta koma ƙofar ɗakinsa, don ya ji muryoyin mutane. An ɗan yi shawara ko wannan ya shafi wanda bai taɓa fito da kwano ba, mahaifina ya ce al'adar ba ta ce sai mai kwano ba, marar lafiya ta ce. Haka aka shimfiɗa tabarmi a gindin gwaibarsa, yana kwance a ciki yana jin Malam Mamman yana ba da labarin yadda ya ceci mutum ya kashe ƙofa. Mata kuma suka riƙa aika masa kunu da farfesu. Malam Inuwa ya taɓa yunƙurin biyan Inna, ta aika masa cewa ita ba 'yar tuwo-tuwo ba ce. Wata rana da hantsi na kai masa kunun tsamiya, ya ce in dakata.

“Hajara, an ce ke kika fara buga ƙofa. Wa ya aiko ki ki duba ni?”

“Babu wanda ya aiko ni, Malam. Ruwa muke so, kuma an sa ni shara a makaranta.”

“Da rijiyar a buɗe take fa?”

“Da babu wanda zai buga.”

Ya dubi kwanon kunun. Can ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe makulli aka zo nema, aka tarar da ni.” Da na maimaita wa Inna, ta kama haɓa ta ce ban da kunya ban da tausayi, ai sai in ce hankalinmu ne ya tashi. Na ce tambayata ya yi, kuma hankalinmu bai tashi ba. Mahaifina ya ce a ƙyale ni. Har yau ina kan bakana: da na yi masa ƙaryar ladabi, da ya warke ya mayar da kwaɗonsa, ya mutu yana zaton ana son sa.

A littattafan hikaya da muka karanta daga baya, marowaci yakan kwanta da rowa, ya yi wani mugun mafarki ko ya gamu da wata masifa, ya wayi gari yana rabon dukiya yana murmushi. Na taɓa yin gardama da malaminmu na adabi a sakandare a kan wannan, na ce duk wanda ya rubuta haka bai taɓa zama gida ɗaya da marowaci ba. Ni na ga yadda abin yake. Kyauta sana'a ce, kuma Malam Inuwa ya shige ta da tsufa, hannunsa a sandare, yana yi yana kuskure. Da farko bai cire kwaɗon ba, sai dai ya riƙa ba Inna ajiyar makulli in zai fita, in ya dawo ya aiko a karɓa. Bayan wani lokaci ya daina aikowa, amma yakan tsaya ya tambaya ko yana nan lafiya, kamar mai tambayar jariri. Sannan aka wayi gari kwaɗon yana rataye a buɗe, ya ce wai ya fara tsatsa, alhali kowa ya ga yana sheƙi. Ni kuwa ya kira ni ya ba ni fensir sabo, kyautarsa ta farko da aka sani a tarihin gidan, amma duk inda muka haɗu sai ya ce in nuna masa inda na kai shi, ya kuma yi mini faɗa cewa ina fiƙewa da yawa. Da gwaiba ta nuna ya tara mu ya raba mana, ya ce kowa ya dawo masa da 'ya'yan cikin zai shuka. Mun sha dariya a bayan idonsa, amma mun ci gwaibar.

Ranar da ya fara fitowa ciyayya ba zan manta da ita ba, domin ina tsaye da kwanon ɗakinmu. Ya fito da hularsa ta Juma'a, riƙe da wani ɗan mitsitsin kwano, ya ajiye a gefen tabarma kamar mai ajiye ƙwai. Da aka buɗe, shinkafa ce da mai da yaji, wadda ko ni ba za ta ishe ni ba. Malam Mamman ya leƙa ya ce, “Maigida, abincin ke nan, ko samfur kuka kawo mu gani?” Aka fashe da dariya. Na ga dattijon ya dafa ƙasa zai tashi, kuma na tabbata da ya tashi ba zai sake fitowa ba. Sai mahaifina ya jawo ɗan kwanon tsakiya ya ce, “Bismillah, da na Maigida za a fara.” Kowa ya ɗebi 'yar loma da kan yatsu, aka yaba yajin, Malam Mamman ma ya rantse bai taɓa cin samfur mai daɗinsa ba. Malam Inuwa ya zauna. Daga baya ya gane cewa girkinsa ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya koma sayo nama ranar Juma'a yana ba matan gida bi da bi su dafa, ko da yake yakan zagayo ta wajen murhu ya tambaya ko ba a cika wuta ba. A kan tabarmar nan ne wata rana ya ba da labarin ƙauyensu, inda rijiya ta ƙafe yana ƙarami, mahaifiyarsa take fita tun duhun asuba ta dawo da rana tsaka da tulu ɗaya, wanda za a sha, a yi girki, a ba akuya. Ya ce tun daga lokacin bai taɓa ganin ruwa ya zuba a ƙasa gabansa bai faɗi ba. Ban ce wannan ya wanke shi daga sharar da aka sa ni ba, amma adalci ya sa in rubuta.

Babbar jarrabawarsa ta zo a wata bazara mai tsanani, da famfon jikin katanga ya ɗauke, maƙwabta suka fara sallama da bokitai. Ya tsaya a zaure, ga layin mata da yara a waje, mu kuma muna leƙensa. Sai ya buɗe ƙofar zauren gaba ɗaya ya koma gefe. Ya yi mita, wannan ba a musu. Ya ce za a ƙafar masa da rijiya, za a tsinke masa igiya, za a tattake masa gwaiba. Amma da kansa yake ja wa tsofaffi guga, da ruwan ya kai ga laka kuma ya kira masu yasar rijiya suka ƙara mata zurfi, bai nemi gudummawar kowa ba. Ya shekara yana ba da labarin abin da aikin ya ci masa. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji tsofaffin 'yan unguwarmu sun kasu biyu a kansa, wasu su ce ai bai taɓa canzawa ba, wasu su ce ciwo ya mayar da shi waliyyi. Dukansu ba su faɗi daidai ba. Har ya bar duniya yana tura keke a kan tsakuwa, yana tsintar zare a hanya. Rowar ba ta fita daga jikinsa ba, kullum sai ya yi kokawa da ita, kuma yawanci shi yake kayar da ita. Wannan a wurina ya fi waliccin dare ɗaya daraja.

Wani maraice, a farkon shekarun tamanin, na zo hutu daga makarantar kwana, na fito da kwanon ɗakinmu kamar yadda na saba. An jera kwanuka, Malam Mamman ya jawo ruwan wanke hannu, sai ya tsaya ya ce, “Ina Maigida?” Wani ya ce ai wannan makon safe yake yi, ya kamata a ce yana nan. Aka aike ni, na dawo na ce akwai jan ƙyalle a ƙofarsa. Babu wanda ya sa hannu a tuwo. Magidantan nan duka suka miƙe suka shiga gida, mata suka fito daga ɗakuna, mahaifina, wanda bai taɓa karya dokar ƙyalle ba, ya ƙwanƙwasa da ƙarfi. Ƙofa ta buɗe, ga Malam Inuwa lafiya lau, da shatin tabarma a kumatu. Ashe wani abokin aikinsa ne matarsa ta haihu, ya tsaya masa aikin dare ya haɗa da nasa na safe, barci ya kwashe shi. Ya dubi taron ya ɗaure fuska.

“Lafiya? Rijiya a buɗe take, gwaiba ba ta nuna ba. Me kuke nema?”

Mahaifina ya ce, “Ku muke nema, Maigida. Tuwo yana hucewa.”

Malam Inuwa ya dubi mahaifina. Sannan ya ce bari ya ɗauko hula, ya koma ciki, ya daɗe fiye da yadda ɗaukar hula take bukata, alhali hular tana rataye a bakin ƙofa muna ganinta. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙin risho ne, risho kuwa ko kunna shi ba a yi ba. Yana wucewa ta gabana ya ce, “Monita, rubuta, yau ni ne na makara.” Malam Mamman ya ɗaga taɓaryar da ya riga ya ɗauko ya ce, “Ku gode wa Allah, Maigida, saura ƙiris ku sake sayen sakata.” Ranar ne na fara jin Malam Inuwa ya yi dariya har da tari.

Ya rasu bayan shekaru, cikin mutane, kuma masu ɗaukar makararsa sun fi ƙarfin lungunmu. Kwanakin baya na bi ta Sharaɗa na nemi gidan. An rushe shi an yi shaguna, an toshe rijiyar da siminti, gonakin da muke tsinkar rama sun zama gine-gine. Da yawa daga kamfanonin sun yi shiru, ciyawa ta fito a ƙofofinsu, babu jiniya, babu kogin kekunan nan da ke malala a titi in an tashi aiki. Ni yanzu ina zaune a gida mai doguwar katanga, da tankin ruwa nawa ni kaɗai, ba na roƙon kowa makulli, kowa ma ba ya roƙona. Maƙwabcina na dama ban san sunansa ba, kuma kowannenmu yana cin abincinsa a bayan ƙofa, abin da a da muke kira rowa, yau ake kira rufin asiri. In magariba ta yi, aka ajiye mini kwano ni kaɗai, nakan tuna tabarmar nan da gurbin da aka gani babu kowa. Sai in tambayi kaina wa zai buga tawa ƙofar, kuma me zai zo nema.